Ina Za A Kai Sharar Birnin Bauchi?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti da damina ya san cewa share gari daban, samun inda za a kai sharar kuma daban. Wannan matsala ta taso wa Bauchi ne tun da ta zama babban birnin jiha a shekarar 1976, jama'a suka yi ta kwararowa, unguwanni suka tsallake ganuwa har zuwa Yelwa da Fadaman Mada.

A zamanin En'e abin bai kai haka wuya ba. Duba-gari yana zaga gidaje yana leƙa randuna da kwatami, shara kuwa yawancinta toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci. In rani ya yi, sai manoman ƙauyukan kewaye su zo da jakai da mangala su kwashe juji zuwa gona. Birni ya rabu da ƙazanta, ƙauye ya sami taki.

Leda ce ta raba wannan zumunci. Ba ta ruɓewa a gona, akuya in ta haɗiye ta sai ta toshe mata ciki, a cikin gari kuma ita ke cushe magudanar ruwa, har ƙazanta ta gangara cikin rijiyoyi. Nan kwalara ke samun ƙofa, kuma a shekarar 2021 Bauchi na cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna.

Ba wai hukuma ta zauna ba ne. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sa tsabtace gari cikin Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1985. Da aka gano guba daga Italiya an jibge ta a Koko, wani ƙaramin garin tashar jiragen ruwa da ke Jihar Delta a yau, a 1988, sai aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. Jihar Bauchi ma tana da tata, watau BASEPA. Sai dai tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙananan hukumomi, alhali kuwa sayen motocin shara da gina ingantaccen juji ya fi ƙarfin kowace ɗaya daga cikin 20 ɗin da ke jihar.

To, mafita ita ce maƙwabta su haɗa hannu. Bauchi da Dass da Tafawa Ɓalewa da Ganjuwa suna iya yin tarayya a juji guda nesa da rijiyoyi, a ware leda da ƙarfe a sayar wa 'yan jari-bola, abin da ke ruɓewa kuma a mai da shi taki. Ta haka manomi zai sake samun dalilin zuwa birni neman juji, kamar yadda kakansa ya yi.