Mene Ne Hiragana?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar neman ilimi ko aiki a ƙasar Japan, abin da malamai kan fara ɗora shi a kai shi ne hiragana, watau ɗaya daga cikin rubutu iri uku da Japanawa ke haɗawa a shafi guda, sauran biyun kuwa katakana da kanji, wanda asalinsa daga Sin yake. Haruffan hiragana na asali 46 ne, kusan kowanne gaɓa ce sukutum, baƙi haɗe da wasalinsa, kamar ka, ki, ku, ke, ko. Wasulan nan biyar kuwa Bahaushe ya riga ya san su.

Inda almajiri ke shan wuya shi ne tartibin jan alƙalami, domin kowane harafi da ƙa'idarsa, galibi daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama, kuma wanda ya yi sakaci sai "nu" da "me" su rikice masa, alhali ɗan zagaye ne a wutsiya ya raba su. 'Yan zane biyu a kafaɗar "ka" kan mai da shi "ga".

Yaran Japan a aji ɗaya ake karantar da su hiragana. Baligi mai himma kuwa, 'yan makonni sun ishe shi.