Mma Ramotswe da Masu Karatunta: Me Ya Sa Littafi Ɗaya Ya Raba Kawuna?

A 1998 wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Polygon a birnin Edinburgh ya fitar da wani ɗan siririn littafi, The No. 1 Ladies' Detective Agency, wato ofishin bincike na mata mai lamba ɗaya. Marubucin, Alexander McCall Smith, a lokacin malamin shari'a ne a Jami'ar Edinburgh. Littafin bai yi wani tashe nan take ba. Sai a farkon shekarun 2000, da ya shiga kasuwar Amurka, wannan ya karanta ya faɗa wa wancan, har aka sayar da miliyoyin kwafi, aka fassara shi zuwa harsuna da dama, ya kuma haifi jerin littattafai sama da 20. Duk da wannan farin jini, har gobe masu karatu ba su daina jayayya a kansa ba. Kwafin da nake da shi ya zaga hannuwa da yawa a hostel, kuma abin da na ji daga bakin 'yan uwa ɗalibai bai bambanta da abin da masu sharhi na waje suke ta faɗa ba. Shi ya sa na ga ya dace in warware mana wannan jayayya, mu ga daga ina kowane ɓangare ya taso.

Wace ce Mma Ramotswe?

"Mma" kalmar girmamawa ce ga mace a harshen Setswana, kamar mu ce Malama ko Hajiya. Namiji kuma "Rra". Precious Ramotswe 'yar garin Mochudi ce a ƙasar Botswana. Mahaifinta, Obed, ya yi shekaru yana aikin haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu, ƙurar rami ta cinye masa huhu, amma ya tara shanu da guminsa. Da ya rasu ya bar mata garken, ita kuma ta sayar ta buɗe ofishin bincike a Gaborone, a gindin dutsen Kgale. Kafin nan ta yi wani aure da bai yi daɗi ba, da wani mai busa ƙaho da ke dukanta, ta kuma rasa jaririnta. Jarinta a ofis bai wuce tebur biyu, tsohuwar tafireta, butar shayi da wata 'yar farar mota ba. Sakatariyarta, Mma Makutsi, ta ci maki 97 cikin 100 a makarantar koyon aikin sakatare, kuma ba ta gajiya da tuna wa mutane hakan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da gwanin aji ya san irinta.

Mai bincike mai zaman kansa ba ɗan sanda ba ne. Ba shi da ikon kama kowa, ba ya gurfanar da kowa a kotu. Mutum ne ke zuwa da damuwarsa ya biya kuɗi a gano masa gaskiya. Wannan bambanci shi ne tushen rabin gardamar da za mu gani.

Ɓangare na farko: "Ina gawar?"

Waɗanda suka taso da littattafan James Hadley Chase, ko finafinan 'yan sanda, su ne kan fara ajiye littafin tun kafin su kai rabi. Ƙorafinsu a fili yake: babu babban kisa guda da za a bi diddiginsa daga shafin farko zuwa na ƙarshe, babu tseren mota, kuma ana shan shayi fiye da kima. Wani abokin karatuna cewa ya yi shi fa an yaudare shi, ya sayi tsire an ba shi kunu.

Akwai dalilin da ya sa suke jin haka. Labarin binciken laifi na gargajiya, irin na Agatha Christie, wasa ne tsakanin marubuci da mai karatu. Ana aikata laifi, a baza alamu, wasu na gaske wasu na ruɗu, kai kuma kana ƙoƙarin riga mai binciken gano mai laifi. Littafin McCall Smith bai bi wannan tsari ba. Ƙananan matsaloli ne a jere. Wata ma'aikaciya ta zo tana shakkar wani dattijo da ya tare a gidanta yana cewa shi ne ubanta da ya ɓata. Mma Ramotswe ta sa kayan nas, ta je ta ce masa 'yarsa ta yi hatsari, ana buƙatar jini mai yawa daga uba, har ma mai bayarwa na iya rasa ransa. Nan take dattijo ya ce shi ba ubanta ba ne. Wani attajiri ya sa a bi 'yarsa don a gano ko tana da saurayi. Wani mutum ya nemi diyyar yatsan da ya ce ya rasa a wurin aiki, ashe ya riga ya karɓi kuɗi kan wannan yatsa a wasu wuraren. Wanda ya zo neman wasan ƙwaƙwalwa mai sarƙaƙiya, gaskiya ba zai ƙoshi ba.

Sai dai masu cewa babu duhu a littafin sun yi gaggawa. Zaren da ya ratsa shi duka labarin wani yaro ne, ɗan malamin makaranta, da ya ɓata, ana fargabar matsafa ne suka sace shi. A Botswana wannan ba tatsuniya ba ce. A 1994 an kashe wata ɗaliba 'yar shekara 14 a Mochudi, kisan da jama'a suka danganta da tsafi, kuma a 1995 ɗalibai suka yi zanga-zangar da ta rikiɗe ta zama tarzoma saboda ganin ba a hukunta kowa ba.

Ɓangare na biyu: "Ai wannan gwaggona ce"

Masu son littafin, waɗanda na lura mata sun fi yawa a cikinsu, abin da ya kama su shi ne ita kanta matar. Tana da jiki kuma ba ta jin kunyar hakan. Makaminta sauraro da sanin halin mutane. Ta san cewa mai aikin gida ko mai sayar da kaya a bakin titi sun fi kowa sanin abin da ke gudana, don ba wanda ke ɓoye musu fuska. Wata ƙawata ta ce a kowace zuri'a akwai mace irin wannan, wadda idan aure ya rikice ko kuɗin adashi ya yi ƙafa ita ake kira, ta zauna ta yi tambaya biyu uku, magana ta fito.

Don a gane abin da ya sa wannan ya zama sabo, sai an dubi matan da suka riga ta. Miss Marple ta Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, tsohuwa ce mai bincike don sha'awa, ba sana'arta ba ce. A 1972 P. D. James ta kawo Cordelia Gray, budurwar da ta gaji ofishin bincike, a littafin da sunansa ma ke nuna cewa mutane na ganin aikin bai dace da mace ba. A 1982 aka samu biyu a Amurka: V. I. Warshawski ta Sara Paretsky a Chicago, da Kinsey Millhone ta Sue Grafton a Kalifoniya. Waɗannan biyun sun shiga fagen maza ne da irin kayan aikin maza: zama su kaɗai, taurin kai, bindiga idan ta kama. Mma Ramotswe ta zo da wata hujja dabam, cewa abin da mata suka saba yi a gida da unguwa, lura da sauraro, shi kansa ƙwarewar bincike ne. Ko da yake ita ma ba kanwar lasa ba ce: a wani babi ta harbe kada ta farke cikinsa, don ta tabbatar wa wata mata abin da ya sami mijinta da ya ɓace a wurin baftisma a kogi.

A nan ma akwai masu ja. Wasu mata na cewa yabon mace da "ta iya lura" wata hanya ce ta mayar da ita inda aka saba ajiye ta. Ni dai ina ganin amsar tana cikin labarin: ta mallaki ofis, tana biyan albashi, tana karɓar kuɗin aikinta, kuma da makanike Mista J. L. B. Matekoni ya fara neman aurenta, cewa ta yi a'a.

Ɓangare na uku: "Wa ya ba shi izinin ba da labarinmu?"

Wannan ita ce suka mafi nauyi. McCall Smith Bature ne, namiji, yana rubutu da muryar baƙar mace. An haife shi a 1948 a Bulawayo, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, kuma ya koyar da shari'a a Jami'ar Botswana a farkon shekarun 1980. Don haka ba baƙo ba ne ɗungurungum. Amma masu suka na cewa Botswanar da ya zana ta cika lafiya: mutane masu sauƙin kai, masu ladabi, masu maganganu gajeru kamar na yara, irin Afirkar da Bature zai karanta hankalinsa ya kwanta. Suna kafa hujja da cutar ƙanjamau. A shekarun da littattafan farko suka fito, Botswana na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna a duniya, har gwamnati ta fara raba magani kyauta a 2002, amma a cikin jerin littattafan sai dai a yi nuni da ita a kaikaice.

Masu kare shi kuma na cewa labarin yaƙi da yunwa da cuta ai shi ne kaɗai abin da duniya ke ji game da Afirka, to laifi ne don wani ya nuna mutane suna zuwa aiki, suna soyayya, suna gyaran mota? Kuma zaman lafiyar Botswana ba ƙirƙira ba ce. Tun da ta sami 'yanci a 1966 ƙarƙashin Seretse Khama, soja bai taɓa kifar da gwamnati ba, kuma arzikin lu'ulu'u da aka gano a Orapa a 1967 ya gina makarantu da asibitoci.

Nawa ra'ayin, kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, shi ya sa nake ba duk wanda ya karanta wannan shawarar ya haɗa da The Screaming of the Innocent na Unity Dow, mace ta farko da ta zama alƙaliyar babbar kotu a Botswana. Ya fito a 2002, shi ma kan kisan tsafi ne, kuma ba ya lallashin mai karatu ko kaɗan. Idan ka karanta biyun za ka ga abin da kowannensu ya zaɓi ya nuna da abin da ya rufe.

Inda abin ya taɓa mu

Akwai babin da ɗan Najeriya ba zai wuce shi bai yamutsa fuska ba. Wani likita a asibiti yau ya yi aiki kamar gwani, gobe ya kasa abu mafi sauƙi. Da aka bincika, ashe tagwaye ne, ɗaya ne ya yi karatun likita, suna amfani da takardar shaida guda suna cin albashi biyu. Marubucin kuwa ya ce 'yan Najeriya ne. Wasu cikinmu sun yi dariya, wasu sun ji haushi, suka ce ko a littafin da ake yabo da tausasa wa Afirka, mu ne dai 'yan damfara. Haushin yana da tushe. Amma ku lura da abin da ya koya mana: mun ji zafin hoton da aka yi mana a babi ɗaya, to haka ɗan Botswana zai iya ji game da hoton da aka yi wa ƙasarsa a littafi sama da 20, ko da hoton na yabo ne.

Gardama ta ƙarshe: adalci ko sulhu?

Ɗaliban da ke son ganin doka ta yi aikinta suna jin haushin yadda Mma Ramotswe ke warware wasu matsaloli ba tare da 'yan sanda ba. Mai damfarar yatsa, alal misali, ta tsorata shi ya janye ƙararsa, ta kuma bar shi ya tafi da ta ji yawan bakunan da yake ciyarwa. Wasu na ganin wannan rahama ce, wasu na ganin ɗaure wa ƙarya gindi ne. A nan ne bambancin da na ambata a sama yake aiki. Wanda ya ɗauke ta aiki gaskiya ya saya, hukunci kuwa ba a hannunta yake ba, sai ta zaɓi abin da take ganin zai gyara zaman mutane. Mu da muka san sulhun mai unguwa da na dattawan gida mun san amfaninsa, mun kuma san yadda wani lokaci ake danne mai rauni da sunan "a yi haƙuri". Marubucin malamin shari'a ne, ban ɗauka da kuskure ya bar wannan tambaya a buɗe ba.

Ga mai son ƙari, BBC da HBO sun mayar da labarin fim, aka ɗauka a Botswana, mawaƙiya Jill Scott ta fito a matsayin Mma Ramotswe. Kashin farko ya fito a 2008 ƙarƙashin darakta Anthony Minghella. A kusa da mu kuma, marubuci Kwei Quartey ya ƙirƙiri Emma Djan, mai bincike mai zaman kanta a Accra, a littafinsa The Missing American na 2020, kuma nasa ya fi zafi da duhu.

Turancin littafin McCall Smith mai sauƙi ne, ana iya gama shi a ƙarshen mako ɗaya idan babu tes a gaba. Ku neme shi a laburare ko wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Idan kun gama, ku tambayi kanku a wane ɓangare kuka faɗa, sannan me kuka zo nema tun farko da ya jefa ku can. Masu rubutu a cikinmu kuma, musamman 'yan uwa mata da ke zuba labarai a waya dare da rana, ga fili nan: kuɗin adashi da ya ɓata, takardar shaidar bogi, gadon marayu da aka cinye. Duk matsaloli ne da ke jiran mai bincike da ta san unguwa, ta san yadda ake gaida tsohuwa kafin a yi mata tambaya.