Gidan Arewa: Inda Sardauna Ya Yi Kwanan Ƙarshe

Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta titin Rabah a Kaduna ba mu taɓa leƙa Gidan Arewa ba, wai don muna ganin gidan na wasu ne. To, a wannan harabar ce Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zauna. A nan ne kuma sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu kafin wayewar garin 15 ga Janairu, 1966.

A shekarar 1970 aka mai da wurin cibiyar adana tarihin Arewa, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarta. Daga baya ta koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ɗakin karatu, da tsofaffin takardun gwamnati, da rubuce-rubucen Larabci, sai kuma ɗakin kayan tarihi inda hotunan marigayin suke.

Mai ziyara ya daure ya daɗe gaban hotunan nan, kada ya yi gaggawa. Gwamnatin da Sardauna ya shugabanta tun 1954 ba ta Musulmi kaɗai ba ce. Michael Audu Buba, mutumin Shendam, minista ne a cikinta. Likitan da ke duba lafiyar Firimiya shi kansa, Dokta Ishaya Audu, Bahaushe ne Kirista, wanda ya zama shugaban jami'ar Zariya daga 1966 zuwa 1975. Yaranmu nawa suka san wannan?

Amma fa ba za mu rufe ido ba. Dattawanmu na Filato da kudancin Zariya ba su manta da rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a ƙarshen mulkinsa ba, wanda ya tayar wa ikilisiyoyi hankali ƙwarai. Duk mai son sanin yadda abin ya gudana, gara ya zauna ya karanta takardun zamanin da ya dogara da hirar bakin kasuwa. Mu kuwa, abin takaici, littattafan baftisma na kakanninmu suna can cikin akwatuna gara tana ci.

Shugabannin matasa da na zumuntar mata, in za ku kai ƙungiya, ku je ranar aiki, ku kuma aika da takarda tun da wuri domin a ba ku mai zagayawa da ku.