Malejin mota ya daina aiki? Wayar hannu za ta iya nuna inda matsalar take

Direbobi da yawa suna shafe watanni suna tuƙi da mataccen maleji, suna auna gudu da ƙarar inji kawai. Ganganci ne, domin iyakar gudun ƙananan motoci a manyan hanyoyin Najeriya kilomita 100 ne a awa, kuma kunne ba ya bambance 100 da 120. Kafin a kai wa bakanike ya fara kwance-kwance, wayar da ke aljihu za ta iya rage rabin aikin.

Gwajin farko na GPS ne. Google Maps a Android da Waze duk suna nuna gudun mota. A samu miƙaƙƙiyar hanya, a riƙe gudu ɗaya, wanda ke gefen direba ya kwatanta waya da allurar maleji. Idan allura ta ce 100 waya ta ce 95, babu abin da ya lalace. Ƙa'idar Turai ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya zarce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, shi ya sa kamfanoni ke saita shi ya ɗan wuce. Idan allura ce ke ƙasa da waya, a fara duba taya. Wanda ya cire 195/65 R15 ya sa 205/70 R15 don motar ta ƙara tsayi ya ƙara girman taya da kusan kashi 5 cikin ɗari, don haka in allura na kan 100, motar tana kusa da 105.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, babu lantarki a wannan aikin. A ƙarshen giyabos akwai giya mai juyawa tare da shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Ita ke juya wata ƙaramar giyar roba, ita kuma ta juya kebur mai zuwa bayan dashbod, inda maganaɗisu ke jan allura. Da gangan aka yi ƙaramar da roba, don ita ta cinye maimakon ta ciki mai wahalar fitarwa.

Alamomin suna faɗin mai laifi. Allura mai rawa ko tsalle yawanci kebur ne ya bushe ko ya lanƙwashe. Idan lambobin kilomita suna ƙirgawa amma allura tana kwance, agogon ne da kansa. Idan duka biyun sun mutu, a cire kebur daga giyabos a juya bakinsa da injin huda, a gwada hagu da dama. Allura ta tashi? To kebur da agogo lafiyarsu lau, sai a zaro giyar robar a duba haƙoranta. In sun side a canza ta. In kuwa suna nan garau, mai yiwuwa giyar ciki ce ta saki shaf, kuma a nan ne kaɗai buɗe giyabos yake da hujja.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen sayen sabuwa, musamman bayan an ɗora giyabos na gwanjo daga wata motar. Yawan haƙora ne ke saita lissafi: ƙarin haƙora yana rage abin da allura ke nunawa. Giya mai haƙora 20 da ke nuna 110 alhali waya na cewa 100, mai haƙora 22 ake buƙata. A ƙirga kafin a biya kuɗi.

Sababbin motoci ba su da kebur. Sensa ce a jikin giyabos, ko sensocin ABS na tayoyi, ke aika wa kwamfutar mota bayani, kodayake wasu sensocin har yanzu giyar roba ce ke juya su. A nan ɗan abin nan ELM327 mai Bluetooth yake da amfani: a soke shi a ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, a buɗe manhajar Torque. Idan manhajar na ganin gudu amma allura ba ta motsi, dashbod ne ko wayoyinsa, aikin mai rewaya. Idan ta nuna sifili tare da lambar P0500, a duba sensa da soket ɗinta, don sau da yawa laka ce ko tsinkakkiyar waya. A motar otomatik kada a ja lokaci da wannan, domin da wannan bayanin gudun giyabos ke sanin lokacin canza giya.