Gary Gait: Gwanin da Aka Haramta Tsallensa, Yanzu Yana Neman Kofi Daga Bakin Fili

Idan ka tara ɗalibai goma a filin makarantarku ka tambaye su mene ne lakros, da wuya ka samu ɗaya da zai ba ka amsa. Ni ma sai da na shiga jami'a na fara jin sunan, ranar da wani abokina ya nuna mini wani tsohon bidiyo a wayarsa. Hoton ma dishi-dishi yake. Wani saurayi ne sanye da hular kwano, riƙe da sanda, ya taho a guje daga bayan raga, ya daka tsalle, ya zura ƙwallo tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Sau biyar na sa aka maimaita mini. Sunan saurayin Gary Gait, kuma a 1988 aka ɗauki bidiyon.

Bari in fara bayyana muku wasan. Lakros wasa ne na 'yan asalin Arewacin Amurka, waɗanda suke zaune a can tun kafin zuwan Turawa, musamman al'ummar Haudenosaunee. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai ɗan koma a kanta, da ita yake cafe ƙwallon roba mai tauri, ya ruga da ita, ya jefa wa ɗan'uwansa ko ya harba raga. A wasan maza na fili mutum goma-goma ne, a na mata sha biyu-sha biyu. Abubuwa biyu za su ba mai kallon ƙwallon ƙafa mamaki. Na farko, ana wasa har a bayan raga. Na biyu, akwai da'ira da aka zana kewaye da ragar, wadda aka hana ɗan gaba taka cikinta. Ku riƙe wannan da'irar a ranku, domin a kanta labarin ya ginu.

An haifi Gary a 1967 a birnin Victoria na ƙasar Kanada, shi da ɗan tagwayensa Paul. Tare suka taso suna buga lakros na cikin ɗaki, wanda ake yi a matsattsen fili da ƙananan raguna, inda ba ka da sararin yin dogon tunani. Tare kuma suka tafi Jami'ar Syracuse a jihar New York ta Amurka, suka buga mata wasa daga 1987 zuwa 1990.

A wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1988, da Jami'ar Pennsylvania, Gary ya yi wannan tsallen har sau biyu. Dabararsa ita ce, doka ta hana taka cikin da'ira, amma ba ta ce komai a kan shawagi a samanta ba. Sai ya tashi daga waje, ya jefa ƙwallo yana sama, kafin ya dira ta riga ta shiga. Aka laƙaba wa salon suna Air Gait. Daga baya hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta haramta shi, kuma sai a 2019 aka sake halatta irin wannan tsalle, shi ma da sharuɗɗa.

Syracuse ta ci wasan ƙarshe a 1988 da 1989 da 1990. Sai dai in ka duba kundin NCAA, biyu za ka gani. An soke na 1990 saboda matar kocinsu ta sa hannu a takardar bashin mota don Paul, abin da dokar 'yan wasan jami'a ta hana. A ganina hukuncin ya yi tsauri, tunda ba a fili aka yi laifin ba, amma haka aka yanke.

Bayan jami'a ya zama ɗan wasan ƙwararru. Ya ci kofin gasar cikin ɗaki da Detroit a 1991, da Philadelphia a 1994 da 1995, kuma sau shida ana zaɓensa gwarzon gasar. A 2006, yana ɗan shekara 39, ya taimaka wa Kanada ta doke Amurka da ci 15 da 10 a wasan ƙarshe na gasar duniya, karon farko tun 1978.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda ya fara aikin koci. Lakros ba ya kawo kuɗi irin na ƙwallon ƙafa, a lokacin kusan kowane ɗan wasa yana da wata sana'a a gefe. Gary, wanda ake yi wa kallon babu kamarsa a duniya, ya karɓi aikin mataimakin koci a ƙungiyar mata ta Jami'ar Maryland, ƙarƙashin Cindy Timchal. Ku lura, mataimaki, ba shugaba ba. Kuma wasan mata daban yake da wanda ya saba: ba a bangazar juna da jiki, komar sandar ba ta da zurfi, saboda haka ƙwallo tana saurin zubewa. Ƙarfin ƙirji ba zai fisshe ka ba, sai iya hannu. Mutumin da hannunsa ke yin abu kafin ya yi tunani, dole ya zauna ya warware shi daki-daki yadda wata za ta gane. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin koya wa ƙaninsa lissafin da shi yake gani da sauƙi ya san wannan wahalar. Maryland ta ɗauki kofin ƙasa sau bakwai a jere, daga 1995 zuwa 2001, yana cikin masu horarwa.

Da ya zama babban koci, sai abin ya zo masa da zaƙi da ɗaci. A kakarsa ta farko da ƙungiyar Colorado Mammoth, a 2006, ya ci kofin ƙwararru. A 2007 ya koma Syracuse ya karɓi ƙungiyar mata, ya kai su wasan ƙarshe a 2012 da 2014 da 2021. Duka ukun aka doke su.

A 2021 aka ba shi ƙungiyar maza, wadda ya yi suna a cikinta. Magoya baya sun ɗauka kofi ya dawo gida. Kakar 2022 ta ƙare da nasara 4, rashin nasara 10, abin da Syracuse ba ta saba gani ba. Tun daga nan yake gina ƙungiyar da sababbin yara, kuma a 2025 suka kai wasan kusa da na ƙarshe, karon farko tun 2013.

A 2028 lakros zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, da tsarin mutum shida-shida, don haka mai yiwuwa ku gan shi a talabijin. Shi kuwa Gary, har zuwa ƙarshen kakar 2025 bai ɗaga kofin NCAA a matsayin babban koci ba. Waɗanda suka tare masa hanya a wannan shekarar su ne Maryland, makarantar da ya fara koyon aikin.