Daga Wuri Zuwa Kirifto: Matsayin Kuɗin da Ba a Riƙewa a Hannu a Fiƙihun Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi, da kuma kuɗin kirifto. Ta bibiyi ma'anar kuɗi a wurin malaman fiƙihu, ta bayyana yadda kowane ɗaya daga cikin tsarin biyu yake aiki, sannan ta duba hukunce-hukuncen canji da riba da zakka da gado da suke ratayuwa da su.

Gabatarwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ciniki ba tare da miƙa tsabar kuɗi ba ya zama ruwan dare a duniya. A ƙasar Sin, manhajojin Alipay da WeChat Pay sun mamaye saye da sayarwa na yau da kullum. A Kenya, M-Pesa da aka fara a 2007 ta mayar da wayar hannu tamkar lalitar kuɗi. A Nijeriya kuwa, Babban Banki ya fara gwada tsarin taƙaita tsabar kuɗi a Legas a 2012, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi. A daidai wannan zamani ne kirifto ya bayyana, har wasu suka ɗauka cewa shi ne maƙurar wannan tafiya. Wannan ɗauka tana haifar da kuskure a wajen fatawa, domin wanda ya tura naira ta waya da wanda ya sayi Bitcoin ba mu'amala ɗaya suka yi ba, ko da yake dukkansu allon waya suka danna.

Mene Ne Kuɗi a Wurin Malamai?

Shari'a ba ta ƙirƙiro wa Musulmi wani kuɗi na musamman ba. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ana ciniki ne da dinarin Rumawa da dirhamin Farisawa, kuma sai a zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, a shekara ta 77 bayan Hijira, aka buga dinare mai cikakkiyar siffar Musulunci. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya ambaci abubuwa shida da riba take shiga musayarsu: zinariya da azurfa da alkama da sha'ir da dabino da gishiri. Ya kuma shardanta daidaito da miƙawa hannu da hannu idan jinsi ɗaya ne, da miƙawa hannu da hannu kawai idan jinsin ya bambanta.

Malamai sun yi saɓani game da illar riba a zinariya da azurfa. Hanafawa sun ce awo ne tare da haɗuwar jinsi. Malikawa da Shafi'awa sun ce kasancewarsu farashin abubuwa ne, sai dai sun ƙara saɓawa a kan ko wannan illa ta taƙaita gare su ko tana ƙetarawa zuwa duk abin da ya zama kuɗi. A cikin Mudawwana an ruwaito cewa Imamu Malik ya ƙi a sayar da fulus na tagulla da zinariya ko azurfa bisa jinkiri, har ya nuna cewa da mutane za su karɓi fata a matsayin kuɗi, da hukuncin ya hau kanta. Ibnu Taimiyya ma ya tafi a kan cewa kuɗi ba shi da wata iyaka da shari'a ta yanke masa, al'ada da yarjejeniyar mutane ne mizaninsa.

Tarihin ƙasar Hausa shaida ne a kan wannan. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in "wuri" ce, wato ɓawon wata halittar teku da fatake suke kawowa tun daga tsibiran Maldibs. Ba a cin wuri, ba a tufafi da shi, amma da shi aka sayi hatsi aka biya sadaki a zamanin Daular Usmaniyya, har Turawan mulkin mallaka suka kawar da shi da sulallansu. A kan irin wannan fahimta ce Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta Makka a 1982, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, suka zartar cewa kuɗin takarda kuɗi ne mai zaman kansa, yana ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa a riba da zakka. An yi wannan hukunci ne bayan Amurka ta yanke alaƙar dala da zinariya a 1971, wato a lokacin da babu wani ma'adini da ke tsaye a bayan takardar.

Naira a Cikin Waya

Kuɗin da ke asusun banki, wanda ake turawa ta waya ko ta kati, naira ce dai da kowa ya sani. A fiƙihance, abin da ke asusun ajiya na yau da kullum bashi ne da mai asusu yake bin banki, tiransifa kuwa umarni ne na a mayar da wannan haƙƙi ga wani. Haka nan eNaira, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba 2021, naira ce da bankin ya fitar da kansa, darajarta ɗaya da ta takarda.

Abin da ya buƙaci ijtihadi a nan shi ne sharaɗin hannu da hannu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar cewa karɓa iri biyu ce: ta zahiri da ta hukunci, kuma shigar kuɗi asusun mutum karɓa ce ta hukunci. Saboda haka ɗan canji a kasuwar Wapa ta Kano zai iya miƙa riyal ya karɓi naira ta tiransifa, matuƙar kuɗin sun shiga kafin a rabu. Abin lura shi ne ba saƙon da mai turawa ya nuna ne karɓa ba, shigar kuɗin ne ta yadda mai asusu zai iya sarrafa su. Mai sayar da gwal da ya bari aka tafi da sarƙa bisa alkawarin za a turo kuɗi da yamma ya faɗa cikin ribar jinkiri, ko da farashin bai ƙaru da kwabo ba.

Darasin Ƙarancin Naira na 2023

Halascin tsarin ba ya nufin halascin duk hanyar da aka bi wajen tilasta shi. A Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi a ƙarshen Janairu 2023, sannan aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin takardun ba su wadata ba. Mutane suka kwana a layin ATM, manomi ya kai hatsi kasuwa ya rasa mai tsaba, mai talla da ba ta da asusu ta koma gida da kayanta. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta hukunta cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.

Wannan lokaci ya fito da wata mas'ala fili, wato sayen naira da naira. Ladan da mai POS yake karɓa a kan hidimarsa, na na'ura da shago da zirga-zirgar banki, yana da fuskar ijara, kuma a kan haka masu halatta shi suka dogara. Amma idan ƙarin ya daina bin gwargwadon hidima, ya koma yana hawa saboda ƙarancin takarda, har mutum ya tura dubu goma sha biyu don ya karɓi dubu goma, to takardar ce ake sayarwa, kuma wannan ribar fifiko ce ƙarara. Ƙa'idar da malamai suka kafa ita ce tasarrufin shugaba a kan talakawa yana rataye da maslaha. Duk manufar da za ta janye tsaba daga hannun jama'a alhali ƙauyuka ba su da banki ko layin sadarwa, kuma miskinin da ake ba sadaka ba shi da asusu, to ta jingina nauyinta a kan mafi rauni.

Yadda Kirifto Yake Aiki

Kirifto wani abu ne dabam. A Oktoba 2008 wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da tsarin Bitcoin, aka fara aiki da shi a Janairu 2009. Babu bankin da ke fitar da shi, babu hukumar da ta lamunce shi. Ana rubuta kowace mu'amala a wani kundi na bai ɗaya da dubban kwamfutoci suke riƙe da kwafinsa. Kusan kowane minti goma ake ƙara sabon shafi, kuma kowane shafi yana ɗaure da wanda ya gabace shi ta hanyar lissafi, ta yadda goge abin da ya wuce yake da matuƙar wuya. Masu kwamfutocin da suke tabbatar da shafukan suna samun lada na sababbin sulalla, wannan ne ake kira haƙa. Ladan yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu, kuma adadin Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba.

Darajarsa ta dogara ne kacokan a kan buƙatar masu saye. Ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamba 2021, ya faɗo ƙasa da dala 17,000 bayan shekara ɗaya lokacin da kasuwar FTX ta durƙushe, sannan ya haura dala 100,000 a Disamba 2024. Akwai kuma nau'in da aka ɗaure darajarsa da dala, kamar USDT, wanda kamfani yake cewa yana riƙe da ajiyar da ta yi daidai da shi. Shi ma amincinsa yana ga gaskiyar wannan ajiya, domin TerraUSD, wanda ba shi da irin wannan ajiya, ya rushe cikin 'yan kwanaki a Mayu 2022.

Saɓanin Malaman Zamani

Masu hanawa sun haɗa da Darul Ifta ta Masar, wadda ta haramta cinikin Bitcoin a ƙarƙashin Mufti Shauƙi Allam, da Hukumar Addini ta Turkiyya, wadda ta ce a 2017 bai dace da shari'a ba a halin da yake ciki. Hujjojinsu sun taru a kan garari mai yawa, da kamanceceniya da caca, da cewa buga kuɗi haƙƙin shugaba ne, da sauƙin amfani da shi wajen ɓarna. Majalisar Malaman Indonesiya a 2021 ta hana amfani da shi a matsayin kuɗi, ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja kuma yake da abin da ya tsaya a kansa. A ɗaya ɓangaren, majalisar shari'a ta hukumar kasuwar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikinsa a 2020 a kasuwannin da aka yi wa rajista, bisa hujjar cewa asalin mu'amala halasci ne kuma al'ada ta riga ta ɗauke shi dukiya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Dubai a 2019, ta jinkirta yanke hukunci ta nemi a ƙara bincike.

Idan aka lura, mafi yawan saɓanin yana komawa ne ga tantance haƙiƙar abin. Tambayoyi biyu ne: shin dukiya ne, kuma shin kuɗi ne? Kasancewarsa dukiya yana ƙara ƙarfi gwargwadon yadda al'ada da doka suka karɓe shi. A Nijeriya Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da shi a Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukuma. Kasancewarsa kuɗi kuwa, bisa mizanin Imamu Malik, yana buƙatar mutane su riƙa auna farashin kaya da shi. Wannan bai tabbata ba har a El Salbado, wadda ta ba shi matsayin kuɗin ƙasa a 2021, daga baya ta janye tilasta karɓarsa. Mafi yawan masu sayensa suna saye ne don ya tashi su sayar.

Abin da Ke Kan Wanda Ya Bi Masu Halattawa

Wanda ya ɗauki fatawar halasci ya ɗauki nauyinta gaba ɗaya. Abin da ya fi tsentseni shi ne ya kiyaye sharaɗin karɓa nan take a duk musayar kirifto da naira ko dala. Ba da shi rance don a dawo da ƙari riba ne, ko wane suna manhaja ta ba shi. Cinikin da ake yi da bashin dandali don ninka jari, ko yin fare a kan farashin gobe ba tare da mallakar komai ba, ya haɗa riba da caca. Haka nan duk tsarin da ya yi alkawarin riba tabbatacciya kuma yake biyan na farko da kuɗin na baya, irin MMM da ta daskarar da kuɗin 'yan Nijeriya a Disamba 2016, cin dukiyar mutane ne da ɓarna, ko da an lulluɓe shi da sunan kirifto.

Zakka ma ba ta faɗuwa. Ko an ɗauke shi kuɗi ko an ɗauke shi hajar kasuwanci, idan ƙimarsa ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya ko giram 595 na azurfa, kuma shekara ta zagayo, to ana fitar da ɗaya bisa arba'in. Sai batun gado, wanda aka fi gafala da shi. Mallakar kirifto tana rataye da mabuɗin sirri, galibi kalmomi goma sha biyu ko ashirin da huɗu. Idan mai shi ya rasu bai bar hanyar samunsu ba, babu alƙali ko banki da zai iya buɗe lalitar, haƙƙin marayu da na masu bin bashi ya salwanta ke nan. Don haka rubuta wasiyya a kan irin wannan dukiya ya zama wajibi a kan mai ita.

Kammalawa

Naira da ke cikin waya tana ɗauke da duk hukuncin naira ta takarda, kuma abin da ake nema a tsarinta shi ne adalci ga wanda ba shi da asusu. Kirifto kuwa mas'ala ce ta ijtihadi da hukuncinta yake iya sauyawa daga sulalla zuwa sulalla, daga ƙasa zuwa ƙasa. Ya kamata mai ba da fatawa ya tambayi mai tambaya wane sulalla yake nufi, wace irin mu'amala zai yi da shi, kuma mene ne yake tsaye a bayansa, kafin ya furta halas ko haram. Akwai buƙatar sassan nazarin addinin Musulunci su haɗa kai da masana tattalin arziki da na kwamfuta wajen wannan bincike, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Allah ne Mafi sani.