Yadda Maharban Amurka Suke Ɓuya Wa Barewa A Dajin Gwamnati

Idan aka ce mana farauta, abin da yakan zo ranmu shi ne rani, da karnuka, da gora, da samarin gari sun yi wa daji ƙawanya suna ihu. A Amurka kuwa yawancin masu farautar barewa zama suke yi wuri ɗaya, shiru, su jira naman ya kawo kansa. Waɗansu sukan hau itace. Waɗansu kuma sukan kafa wata 'yar bukka ta yadi a ƙasa, mai tagogi, wadda ake naɗewa a rataya a kafaɗa. Ita ce za mu riƙa kira maɓoya.

Naman da ake nema wata irin barewa ce mai farar wutsiya. Ba daidai take da tamu ba, gama ƙahon namijin yana da rassa, yakan kuma faɗi kowace shekara, sabo ya tsiro. Wajen shekarar 1900 harbi ba ƙa'ida ya kusa ƙarar da su, har aka kiyasta ba su fi rabin miliyan ba. Aka kafa dokokin farauta, a 1937 kuma aka yi dokar da ta keɓe harajin bindigogi da harsashi domin kula da namun daji. Yanzu ana kiyasta su kimanin miliyan 30.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana riƙe da fili kamar eka miliyan 640, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, ban da abin da jihohi suke da shi. A wurare da yawa cikin wannan fili duk mai lasisi yana da izinin farauta idan lokaci ya yi. Nan ne wurin mutumin da ba shi da gona ko daji na kansa, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Mai filin kansa yakan kafa maɓoyarsa makonni kafin a fara, ya bar ta har barewa su saba da ita. A dajin gwamnati kuwa akwai inda doka ta hana a bar maɓoya ta kwana, akwai inda sai an rubuta suna da adireshi a jikinta, ga kuma ɓarayi. Saboda haka maharbi yakan kafa ta tun kafin gari ya waye, ya yi farauta a cikinta a ranar. Barewa kuwa ta san dajinta kamar yadda uwargida ta san ɗakinta. Tukunya ɗaya aka matsar, sai ta lura.

Sai mun san idon barewa kafin mu gane dabarar. Idanunta suna gefe da gefe na kai, saboda haka tana ganin kusan digiri 300 na kewayenta ba tare da ta juya ba. Ta fi mu gani da asuba da magariba. Amma wajen launi mun fi ta. Ɗaliban kimiyya za su tuna cewa idon mutum yana da ƙwayoyin gane launi iri uku. Wani bincike da aka yi tare da masanan Jami'ar Jojiya, aka buga a 1994, ya nuna barewa iri biyu take da su. Tana ganin shuɗi sosai, tana ganin rawaya da kore, amma ja da ruwan lemo ba sa yi mata ƙyalli kamar yadda suke yi mana. Abin da ba ya tsere mata shi ne motsi, da siffar da ba ta dace da daji ba.

To, siffar nan ita ce matsalar maɓoya. Daji ba shi da miƙaƙƙen layi, ba shi da kusurwa huɗu. Ko da an zana wa yadin ganye da rassa, irin zanen da kamfanonin Realtree da Mossy Oak suka fara sayarwa tun 1986, daga nesa dai akwati ne a tsaye. A ganinmu zanen ya fi burge mai saye a kanti fiye da yadda yake ruɗin barewa. Ainihin aikin da hannu ake yin sa. Maharbi yakan nemi faɗaɗɗen itace, ko kurmi mai duhu, ko gindin tudu, ya jingina maɓoyar a can cikin inuwa, domin kada rufinta ya fito fili idan an hango ta ta fuskar sararin sama. Sa'an nan ya tattaro busassun rassa da ciyawa na wurin, ya soka su cikin madaurin da aka ɗinka a jikin yadin, ya fi mai da hankali ga rufi da kusurwoyi. Ciyawar wurin ce ake so. Wanda ya sa ɗanyen ganye a tsakiyar busasshiyar ciyawa ya tona wa kansa asiri. Ba ya kuma sare ɗanyen itace yadda ya ga dama, gama a yawancin dazuzzukan gwamnati laifi ne. Sabon yadi yakan yi sheƙi a rana, shi ya sa waɗansu sukan shafa masa taɓo.

Cikin maɓoyar baƙi ne ƙirin, da gangan. Maharbi ma baƙar riga yakan sa, ya rufe fuska da hannu, ya ja kujerarsa baya nesa da taga. Tagogin baya a rufe suke, domin idan haske ya shigo ta baya, barewa za ta ga inuwar mutum tana motsi. Na gaba ma kaɗan ake buɗewa. Mai kwari da baka ya fi kowa bukatar wannan, tun da sai naman ya zo kusa, kamar yadi 20 zuwa 30, sa'an nan zai ja baka. Wannan ya tuna mana da maharbanmu masu ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe, sai dai su tafiya suke yi zuwa ga naman.

Duk wannan a banza ne idan iska ta kwashi warin mutum ta kai wa barewa, gama hancinta ya fi idonta. Dole iska ta riƙa busowa daga wajen naman zuwa wajen maharbi. Idan ta sansano shi, sai ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi huci da ƙarfi, ta ɗaga farar wutsiyar nan ta zura. Sauran da ke kusa duk sun ji labari ke nan.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar nama. Dajin na kowa ne. A jihar Wiskonsin, alal misali, farautar barewa da bindiga ta kwana 9 ce a watan Nuwamba, dubban ɗaruruwan mutane kuma sukan fita a lokaci ɗaya. Mutumin da ya ɓuya sosai har barewa ba ta gan shi ba, ɗan'uwansa maharbi ma ba zai gan shi ba, yana kuwa iya yin harbi ta wajensa. Dokar da ta ce maharbi ya sa riga mai ruwan lemo mai ƙyalli ba ta da amfani idan yana cikin bukka. Don haka Wiskonsin ta ce a lokacin bindiga duk maɓoyar da ke filin jiha sai an sa mata ƙyalle mai wannan launi, inci 12 tsawo da inci 12 faɗi ko daidai da haka, wanda za a gani ta kowace fuska. Jihar Minesota ta kafa irin wannan doka a 2023.

Mai karatu zai ce, to ina amfanin rassan da ciyawar? Amsar tana cikin ƙwayoyin idon nan da muka ambata. Ƙyallen da mutum zai hango daga nesa kamar wuta, ga barewa wani dusasshen launi ne da ba ya tayar mata da hankali, muddin an ɗaure shi tam iska ba ta kaɗa shi. Shuɗin wandon jins da maharbi ya shigo daji da shi ya fi ƙyallen nan fitowa a idonta.